Maneman Ƙyalla

Ni dai ban taɓa sanin unguwarmu tana da karnuka haka ba sai wannan karon da Ƙyalla ta sake shiga lokacin barbara. Da safe na buɗe ƙofa zan zubar da shara, sai ga su reras a bakin kwata: wani ja mai yankakken kunne, wani baƙi da ƙazuwa ta cinye wa gashin baya, da wani ɗan tsurut wanda ko cikin Ƙyalla bai kai ba amma ya fi kowa ɗaga hanci. Na ce, “Sannunku da zuwa, manema. Wa ya aiko ku?” Ko gezau. Na koma na ɗebo ruwan wanke-wanke na sheƙa musu. Suka ɗan matsa, suka karkaɗe jiki, suka dawo suka zauna inda suka tashi.

Ƙyalla karyata ce. Baƙa ce wul, sai ɗan fari a goshi, daga nan ta samu sunan. A tsakar gida take zama, tana gadin babur ɗin Malam, mijina, da matattun firjin da yake jibge mana a gindin katanga, don gyaran firji ne sana'arsa. Ni kuwa labule da rigunan kujera nake ɗinkawa a ɗakin gaba. Karya ce mai hankali, in na ce ta zauna sai ta zauna. Amma tunda abin nan ya taso mata sai ta zama wata daban. Bayanta ya kumbura, jini na ɗiga, ta daina cin abinci, ta koma tsuguno nan da can tana fitsari kaɗan-kaɗan. Na kwashe tarkacen sito na rufe ta a ciki. Tun daga nan ba ta zauna ba, ni ma ban zauna ba. Ta je bango ta dawo ƙofa, ta karci ƙyaure, ta yi wani siririn kuka, na waje su amsa mata da haushi. Ina kan keke ƙafata na taka, kunnena na sito. Labule guda sai da na farke shi sau ba adadi, don duk layin da na ja sai ya karkace.

Inna, uwar Malam, tare muke zaune. Ta ce ita fa ba za ta riƙa tsallake jinin kare a hanyar banɗaki ba, ta tsufa da tsalle. Gaskiyarta ne. Na ɗauko ragowar yadin labulen wani ofis, mai ruwan toka, na auna ƙugun Ƙyalla da tef, na yanka, na bar hudar wutsiya, na zura roba, na ninke tsumma mai laushi a ciki yadda zan riƙa canzawa. Da na sa mata, sai ta tsaya ƙiƙam ta ware ƙafafu tana harara ta. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “'Yar nan, saura ɗankwali da jaka, sai ta tafi aiki.”

Dariyar ba ta daɗe ba. Da hantsi wata ma'aikaciyar banki ta zo karɓar labulenta. Na guge su, na ninke, na ɗora mata a hannu, na raka ta ƙofa. Tana sa ƙafa waje faɗa ya kaure tsakanin jan karen da baƙin, a gindin ƙafarta. Ta ƙwala ihu ta yi baya, tsinin takalminta ya karye, ita da labulen suka zube a kwata. Fararen labule, jama'a! Na rasa wanda zan fara ɗagawa, ita ko su.

Ihun nan ne ya fito da mai gidan da muke haya, wanda ke zaune a gidan da ke jikin namu. Mai-makullai muke ce masa a bayan idonsa, saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa, tun daga nesa za ka ji zuwansa. Ya tarar da Malam ya fito da sukudireba a hannu, ni kuma ina goge wa matar gwiwa ina ba ta haƙuri.

Ya ce, “Malam, watannin baya da aka yi wannan taron na yi shiru. Matata ba ta barci, jikokina ba sa iya fita. Yau an kayar da mutum, gobe cizo ne. Ko dai a yi maganin abin nan, ko karyar ta bar mini gida. In kuma ba za ku iya rabuwa da ita ba, to ku bi ta.”

Malam ya ce, “A yi haƙuri, Yallaɓai.”

“Haƙurin ne ya ƙare. Kuma ai abin ba wuya. Ƙanena ma ya kai tasa wajen likitan dabbobi, aka yi mata aiki aka cire mata...”

Sai Malam ya ɓarke da wani tari na ƙarya, ya kamo hannun mutumin, ya ce, “Yallaɓai, zo ka ga firjin da na ce zan ajiye maka.” Ya ja shi ciki. Ni kuwa na ga kallon da ya saci yi mini kafin ya juya.

Bari in faɗa muku dalilin tarin. Shekarun baya an gano ƙari a mahaifata. Na yi ta zubar da jini har na koma fara fat, likitoci suka ce ba makawa sai an cire ta. Aka cire. Ba mu samu haihuwa kafin nan ba, kuma shi ke nan. Na yi kukana, na share hawayena, na koma kan kekena. Amma tun ranar da aka sallamo ni, kalmar mahaifa ta mutu a gidanmu. In ana shirin lafiya a rediyo aka doshi zancen mata, Malam zai ce tashar tana shuu, ya murɗa. In wata ta haihu a dangi, ni ce ta ƙarshen ji. Ko kaza aka yanka aka tarar da ƙwai a cikinta, Inna sai ta juya mini baya tana gyarawa. Tun ina jin daɗin wannan lallaɓawa har ta fara shaƙe ni, wallahi.

A cikin jinyar ne Malam ya shigo da Ƙyalla a kwali, 'yar kwikwiya ido bai gama buɗewa ba, wai a bayan shagon wani ya tsince ta. Likita ya ce in riƙa tattaki, ni kuma ko ƙofar ɗaki ba na son zuwa. Ita ta tayar da ni. Yunwa ta sa ta kuka, dole in miƙe. Ta shige ƙarƙashin firji, dole in bi ta. Kafin in ankara na warke. To ita ce yanzu ake cewa ta bar gida.

Na jira Malam ya yi mini maganar da rana, bai yi ba. Ya ci abinci kansa a sunkuye ya hau babur ya fice. Na jira Inna, ita kuma sai ta ɓullo da nata maganin. Wai a shafa wa wutsiyar Ƙyalla man zafi, warin zai kori karnuka. Na ce, “Inna, za ta lashe fa.” Ta ce kaɗan ne. Muka shafa a saman wutsiya inda bakinta ba ya kaiwa. Ƙyalla ta yi ta atishawa, Inna ta yi ta atishawa, manema kuwa ko ɗaya bai tashi ba, sai ma wani sabo da ya ƙaru, mai dogayen ƙafafu. Washegari kuma Inna ta zo mini da wata dabarar, tana magana ƙasa-ƙasa, idonta na kan bango: wai ta ji ana ba su ƙwayar nan da mata ke sha. Na ce, “Wace ƙwaya, Inna?” Ta ce, “Ke dai kin gane.” Na ce ban gane ba. Ta tashi ta ce ta bar ruwa a wuta.

Ban ba ta kowace ƙwaya ba. Abin da na iya shi na yi. Ina wanke sito safe da yamma, ina canza mata tsumma, ina zama kusa da ita ina shafa kanta har ta ɗan lafa ta ci loma biyu daga hannuna. In za ta yi bayan gida sai in cire wandon, in sa mata igiya, in zagaya da ita tsakar gida ina riƙe gam.

A irin wannan zagayen ne aka kusa yi mini aika-aika. La'asar ce, Inna na gyangyaɗi a kan tabarma. Ashe masu gini a bayanmu sun sauke yashi a jikin katanga. Ban ji komai ba sai dirowar abu a kan firji, gwaram! Na waiga, jan karen nan ne mai yankakken kunne, yana tsaye a kan firjin wani bawan Allah yana kaɗa wutsiya kamar an gayyato shi. Ƙyalla ta fizge ni. Karyar da ko kaza ba ta taɓa ja da ita ba, ranar sai da ta ja ni a ƙasa. Igiya ta zare mini fatar tafin hannu. Na naɗe ta a damtse, na rarumi tsintsiyar kwakwa da ɗaya hannun, ina duka ina ihu, “Fita! Ɗan banza, fita!” Inna ta farka a firgice ta wurga masa buta, ta same ni a ƙafa. Da ƙyar na tura Ƙyalla sito da gwiwa na danna sakata. Shi kuwa gogan sai da na buɗe masa ƙofar gida ya fita yana taƙama.

Na tsaya a ƙofar sito ina haki, na ce, “Marar kunya! Ni za ki ja a ƙasa saboda wannan mai guntun kunnen?” Ta sa hanci a ƙasan ƙyaure ta yi ɗan kukan nan nata. Sai kuma tausayinta ya kama ni. Ba ita ta sa wa kanta ba. Na zauna a dandamali ina hura hannuna, ga ƙarar makullai tana wucewa ta bayan katanga, ta je ta dawo.

Kada in yi muku ƙarya, ni ma ban san abin da nake so ba. Rabuwa da ita dai ba zan iya ba. Amma duk lokacin da na tuna wuƙa a cikinta sai tsohon ɗinkina ya motsa. Wa ya ba ni ikon yanke mata abin da ni aka yanke mini ina kuka? In na bar ta ta haihu ko sau ɗaya fa? To 'ya'yan in kai su ina, alhali ita kaɗai ma ana korar ta? Haka na yi ta juya maganar, in ɗauki almakashi in ajiye, in shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni.

Da gari ya waye na ce wa Inna zan je sayen zare da ƙugiyoyin labule. Ta amsa da sauri, har da cewa kada in yi gaggawa, in duba kaya da kyau. Na hau mota na nufi asibitin dabbobi, ni kaɗai, don ba yadda za a yi in ratsa titi da Ƙyalla a wannan hali.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, hannunta duk tabon karce. Ta saurare ni har na gama, ta yi dariyar wandon, ta ce dabara ce mai kyau in dai ina cire mata shi tana shan iska. Da na ambaci ƙwaya ta ɗaure fuska ta ce kul, maganin mutane na iya kashe ta.

Na ce, “To aikin fa? In na kawo ta gobe za a yi?”

Ta ce, “Ba yanzu ba, Hajiya. A wannan lokacin jijiyoyin wajen sun cika da jini, aikin ya fi haɗari. Abin yakan ɗauki kamar mako uku. Ki ci gaba da tsare ta, ko jinin ya tsaya kada ki sake ta, lokacin ne ma ta fi karɓar namiji. In ya wuce mu ba ta wata biyu zuwa uku jikinta ya koma daidai, sannan a yi.”

“In ban yi ba fa?”

“Za ta riƙa yin haka kamar sau biyu a shekara har tsufanta. Kuma waɗanda ba a yi wa ba, wasunsu mahaifar kan tara mugunya in sun manyanta, a kawo mana su a galabaice. Ba na ce dole ta same ta ba. Aikin ma ba na ce ba shi da haɗari ba, tunda sai an sa ta barci. Amma muna yin sa kullum.”

Ta faɗi kalmar sau uku ko huɗu, mahaifa, mahaifa, kai tsaye kamar mai cewa hanta ko ƙoda. Wallahi sai na ji kamar an buɗe mini taga. Na sunkuyar da kai na ce, “Likita, za ta san an raba ta da wani abu?”

Ta dube ni. Ta ce, “Za ta san cikinta na ciwo na 'yan kwanaki. Za ta tsani abin da za mu sa mata a wuya don kada ta lashi ɗinkin. Bayan nan abin da na sani shi ne za ta nemi abincinta, ta nemi mai ita. Abin da ke zuciyar kare kuwa, ban taɓa shiga ba.”

Na ji daɗi da ba ta yi mini daɗin baki ba. A mota na yanke shawara: za a yi. Na shirya yadda zan zaunar da Malam in faɗa masa, in ya yi tari in miƙo masa ruwa in ci gaba.

Ina shawo kwanar layinmu na hango motar ɗaukar kaya a ƙofar gidanmu, karnuka sun kewaye ta suna tsalle. A bayan motar, a ɗaure jikin ƙarfe, Ƙyalla ce da wandonta mai ruwan toka. Ga kwanon abincinta, ga buhun da take kwanciya a kai. Ban san sanda na cire takalmi na riƙe a hannu na sheƙa da gudu ba.

Mai motar na san shi, abokin Malam ne mai lambu a bayan gari. Yana ganina ya washe baki ya ce, “A'a, Hajiya, kin dawo da wuri. Kada ki damu, za ta ji daɗi can. Fili ga shi nan, ga maza biyu ina da su ƙarfafa. Dama 'ya'ya nake nema, masu lambu sai tambaya suke. In ta haihu zan kawo miki ɗaya, namiji.”

Na ce, “Kwance ta.”

Ya dubi Malam. Malam na tsaye a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni. Inna na bayansa tana murza bakin mayafi. Can gefe Mai-makullai ya harɗe hannu yana kallo, maƙwabta sun fara leƙowa.

Na ce, “Ashe shi ya sa aka ce kada in yi gaggawa? Inna, da ke a ciki?”

Inna ta ce, “'Yar nan, don ke muka yi. Mun ga ɗaya hanyar... ba ma so a tayar miki da...”

“A tayar mini da me? Ku faɗa mana! Mahaifa! Mahaifa ce ba ku iya faɗa? An cire mini mahaifa, duk layin nan wa bai sani ba? Na mutu? Ba ga ni tsaye ba, ina ɗinki, ina dafa muku abinci? Wato gara ku ɗauke mini ita a ɓoye, in dawo in tarar da sito wayam, da ku buɗe baki ku yi mini magana kamar mai hankali? To in wadda aka cire wa mahaifa abar tausayi ce da ba a iya kallo, ga mota nan, ku ɗora ni mu tafi lambun tare!”

Mai lambu ya hau bayan motar da kansa ya kwance igiyar ya miƙo mini, yana cewa, “Allah ya huci zuciyarki, Hajiya, ni ban san da haka ba.” Na sungumi Ƙyalla, duk nauyinta, na ratsa maneman ina harbin su da ƙafa. Da na zo daidai Mai-makullai na tsaya na ce, “Yallaɓai, daga wajen likita nake. Ba a yin aikin sai abin ya wuce da wata biyu ko uku. Ka ba ni wannan lokacin. In ka ƙara ganin taron nan a ƙofarka bayan haka, da kaina zan kawo maka makullinka.” Ya yi gyaran murya ya ce ai shi dama ba ya son tashin hankali, Allah ya kai mu.

Na mayar da ita sito, na ba ta ruwa, na shige ɗakin ɗinki na zauna. Na ji motar ta tashi. Can sai ga Malam ya shigo ya tura ƙofa. Ya ɗauke tarin yadi daga kan kujera ya zauna ya rungume shi a cinya.

Ya ce, “Tela.” Haka yake kirana.

Na ce, “Ba na son ban haƙuri.”

“Ba haƙuri na zo ba ki ba. Inna ce ta yi don ke. Ni don kaina na yi.”

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, “Ranar da aka shiga da ke, cewa suka yi ba za a daɗe ba. Aka nuna mini wani benci a baranda aka ce in jira. Na jira har rana ta juya. Wata nas ta fito a guje, rigarta duk jini, na tare ta, ta ture ni ta wuce. Ta dawo da leda biyu ta jini, ba ta ko kalle ni ba. Duk sanda ƙofar nan ta motsa sai in ce shi ke nan, sun zo faɗa mini. Ke kina barci, ba ki san an yi ba.” Ya goge fuska da tafin hannu. “Na ce wa kaina ba zan ƙara miƙa wani mai rai ta irin wannan ƙofar in koma in zauna ba. Ko kare ne. Gara in san tana lambu tana numfashi. In na ji kalmar nan a rediyo, ba ke nake tunawa ba, Tela, bencin nake gani.”

Duk masifar da na tanada sai ta rasa inda za ta sauka. Na zauna riƙe da hannuna mai ciwo ina kallon mutumin nan da nake zaton lallaɓa ni yake yi duk shekarun nan. Daga sito Ƙyalla ta ci gaba da karce ƙyaure.

Na ce, “Za a yi mata aikin, Malam. In ba a yi ba za mu rasa ta ko ta wace hanya. Amma ba sai ka je ba, ni zan kai ta.”

Ya gyaɗa kai, ya ajiye yadin, ya fita ya hau kwashe firjin daga gindin katanga.

Sauran kwanakin a tsaye muka yi su. Manema suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, ɗan tsurut ɗin ne na ƙarshen yanke ƙauna. Ƙyalla ta koma cin abinci, ta koma tsakar gida. Na biya ma'aikaciyar banki da sabon labule. Inna ta yi kwanaki tana bi na da ido, har wata rana tana gyaran kaza ta miƙo mini kwanon ba tare da ta juya baya ba, ta ce in zaɓi ƙwan da nake so.

Da ranar ta zo, likita ta ce kada a ba ta abinci tun daren jiya, don haka tun asuba take bin mu da kwanonta a baki. Na sa mata igiya na fito neman mota, sai na tarar da Malam a ƙofa ya aro motar abokinsa, ya shimfiɗa buhu a kujerar baya. Na ɗora ta a kan buhun, muka tafi.

Likitar ta auna ta, ta saurari ƙirjinta, ta karɓi igiyar daga hannuna. Ƙyalla ta waigo sau ɗaya, aka rufe ƙofa. Aka nuna mana benci a baranda.

Kai, zaman nan! Na zauna, na tashi. Na je bakin get na dawo. Na karanta duk hotunan da ke bango, na tsutsar ciki da na allurar haukan kare, na sake karantawa. Wani ya fito da bokiti, na bi bokitin da ido, ashe ruwa zai ɗebo. Aka yi ƙarar ƙarfe a ciki, na miƙe zumbur. Malam kuwa bai motsa ba. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu, idonsa na kan ƙasan ƙofar, gumi na bin wuyansa alhali fanka na juyawa a kanmu.

Na dawo na zauna. Na ce, “Ashe haka abin yake.”

Ya ce, “Haka yake.”

“Ranar nan wa ya zauna tare da kai?”

“Ba kowa. Na hana Inna zuwa saboda hawan jininta.”

Ƙofar ta buɗe. Likitar ta leƙo tana zare safar hannu, ta ce, “An gama lafiya. Ta fara farfaɗowa, har tana motsa wutsiya. Ku zo ku gan ta.”

Na yi hamdala na miƙe, har na kai bakin ƙofa sannan na lura ba ya bayana. Na waiga. Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna, ya kifa hular a fuskarsa, kafaɗunsa na girgiza. Ta cikin ƙofar ina hango Ƙyalla kwance a kan bargo, kunnenta ɗaya ya ɗaga.

Na ce wa likitar ta ɗan ba mu lokaci. Na koma bencin na zauna a jikinsa, na riƙe masa hannu.